Da CUPS ta koma lasisin Apache: inda cikas yake ga manhajojin GPL2

A watan Nuwamba na 2017 aka sanar cewa CUPS, manhajar da ke ɗauke da aikin buga takardu a macOS da kusan kowane tsarin Linux, za ta bar lasisin GPL2 da LGPL2 ta koma Apache 2.0 daga siga ta 2.3. Wanda ya duba sama-sama zai ce sauƙi aka ƙara, kuma bai yi ƙarya ba, domin Apache lasisi ne mai sakin mara, ba ya tilasta wa kowa ya buɗe lambar tushen abin da ya gina a kansa, wato ainihin rubutun manhajar, saɓanin GPL2 da ke tilasta haka in za a rarraba. Amma masu haɗa fakitin Linux hankalinsu tashi ya yi. Sun hango cewa wannan sassaucin na iya hana su rarraba wasu manhajoji da suka yi shekaru suna rarrabawa lami lafiya, alhali ko harafi ɗaya ba a taɓa a cikin manhajojin ba.

Kafin a gane dalili sai an san yadda CUPS take a ciki. Michael Sweet ne ya fara rubuta ta a 1997 a kamfaninsa Easy Software Products, ta fito ga jama'a a 1999, Apple ya ɗauke ta cikin Mac OS X a 2002, sannan ya saye ta ɗungurungum a 2007. Ba dunƙule ɗaya ba ce. Akwai cupsd, mai tsara layin ayyukan bugawa, wanda ke sauraro a mashiga ta 631 da ƙa'idar IPP, wadda ake aika aikin bugawa da ita ta hanyar sadarwa. Akwai filtoci masu juya takarda daga wannan tsari zuwa wancan har ta zama abin da firinta ke ganewa, akwai ƙananan manhajojin da ke miƙa aikin ta USB ko ta intanet, akwai umarni irin su lp da lpstat. Kafin sauyin, duk waɗannan suna ƙarƙashin GPL2. Sai kuma laburare biyu, wato tarin lamba da wasu manhajoji ke kira don su yi musu aiki, libcups da libcupsimage, waɗanda aka sa wa LGPL2 da gangan, domin kowace manhaja, buɗaɗɗiya ko rufaffiya, ta iya ɗaura kanta da su. Duk manhajar da ke son nuna maka jerin firintoci, ta tambayi girman takarda, ta aika aiki, to a ƙarshe libcups take kira, ko kai tsaye ko ta hannun laburarorin zana fuskar manhaja irin su GTK ko Qt. Saboda haka sauyin lasisin cupsd bai dami kowa sosai ba. Na libcups ne ya taɓa kowa.

Apple ya iya yin sauyin ne don haƙƙin mallakar lambar yana hannunsa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Aikin da mutane ɗari suka zuba lamba a ciki kowa yana riƙe da haƙƙinsa, ba mai iya sauya masa lasisi sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya, wanda ya ƙi ko ba a same shi ba a cire nasa a sake rubutawa. OpenSSL, laburaren ɓoye sadarwa, ta sanar da niyyar komawa Apache 2.0 a 2017, amma sai a Satumban 2021, da siga ta 3.0, abin ya tabbata. Inda mai haƙƙi ɗaya ne kuwa, sanarwa ɗaya ta isa, kuma waɗanda ke dogaro da laburaren ba su da ta cewa a shari'ance.

Yanzu ga inda lasisin biyu suka yi karo. GPL2, wanda ya fito a 1991, ya ce a sashe na 2 duk aikin da ya ƙunshi manhajar ko aka samo daga gare ta, in za a rarraba shi, sai a rarraba shi gaba ɗayansa a ƙarƙashin GPL2. Sashe na 6 ya ƙara cewa ba ka da ikon ɗora wa wanda ka ba manhajar wani sharaɗi fiye da wanda ke cikin lasisin. Sashe na 7 ya rufe ƙofa: in ba za ka iya cika sharuɗɗan GPL2 da wasu wajibai da ke kanka a lokaci guda ba, to kada ka rarraba sam. Shi kuma Apache 2.0, na 2004, yana da abin da GPL2 ba shi da shi. A sashe na 3, duk wanda ya ba da gudummawar lamba ya ba ka izinin amfani da haƙƙin ƙirƙirarsa (patent) da ya shafi aikin, amma ranar da ka shigar da ƙara kana cewa aikin ya keta naka haƙƙin ƙirƙirar, ranar izinin da aka ba ka ya faɗi. A sashe na 9 kuma, in ka sayar wa wani garanti ko tallafi a kan manhajar, nauyin kare sauran masu gudummawa daga duk wata diyya da za ta biyo baya yana wuyanka.

Ba wanda ya ce waɗannan sharuɗɗa mugaye ne. Gidauniyar FSF da ta rubuta GPL tana ganin sharaɗin haƙƙin ƙirƙirar abu ne mai kyau, har ta sa makamancinsa a GPL3. Matsalar ita ce GPL2 bai tanadi wurin da za a karɓi ƙarin sharaɗi ba, mai kyau ne ko marar kyau. Don haka matsayin FSF shi ne Apache 2.0 bai dace da GPL2 ba, amma ya dace da GPL3, wanda ya fito a Yunin 2007. Dacewar ma ta fuska ɗaya ce: lambar Apache na iya shiga aikin GPL3, sakamakon ya zama GPL3, amma lambar GPL3 ba ta shiga aikin Apache ta zama Apache.

A da, da libcups take LGPL2, wannan tambaya ba ta taso ba, domin LGPL da GPL2 'yan gida ɗaya ne, kuma sashe na 3 na LGPL ya yarda a mai da kwafin laburare zuwa GPL kai tsaye. Da ta koma Apache, manhajar GPL2 da ke ɗaure da ita ta zama haɗin abu biyu da ba za a iya cika sharuɗɗansu tare ba.

Wanda abin ya shafa da wanda bai shafa ba

Mai kwamfuta da ke buga takardarsa babu ruwansa. Sashe na 0 na GPL2 ya faɗa ƙarara cewa gudanar da manhaja ba a taƙaita shi ba. Ka haɗa abin da ka ga dama a na'urarka, ba ka saɓa wa kowa ba. Wajibi yana tasowa ne lokacin rarrabawa, don haka nauyin yana kan Debian da Fedora da makamantansu, da kamfanin da ke sayar da na'ura mai Linux a ciki, da wanda ya ɗora hoton kwantena, wato ƙunshin manhaja da duk abin da take buƙata don gudu, a inda wasu za su sauke, da mai haɗa manhaja da duk laburarorinta a fakiti ɗaya. Masu direbobin firinta rufaffu ma ba su yi asara ba, riba suka ci: a ƙarƙashin LGPL wanda ya cusa laburaren cikin manhajarsa sai ya ba mai amfani hanyar sake ɗaura ta da wata sigar laburaren, Apache kuwa bai nemi haka ba. Manhajoji masu lasisin MIT da BSD su ma lafiya lau, haka na GPL3.

Sauran sun kasu biyu, kuma kalmomi kaɗan ne suka raba su. Yawancin manhajojin GPL2 suna rubuta a saman kowane fayil cewa ana iya amfani da su a ƙarƙashin siga ta 2 ko duk wata siga ta gaba. A alamomin SPDX, wato gajerun sunayen lasisi da aka daidaita, ana rubuta wannan GPL-2.0-or-later. Irin wannan manhaja tana da mafita: mai rarrabawa ya zaɓi GPL3 ga abin da ya gina, GPL3 kuma ya karɓi Apache. Lambar tushe tana nan da lasisinta yadda take, ginannen fayil ne kawai ke tafiya da sharuɗɗan GPL3. Wasu kuwa sun ce siga ta 2 kaɗai, wato GPL-2.0-only, kuma su ne suka maƙale. In manhaja ba ta ambaci siga ba ko kaɗan, sashe na 9 na GPL2 ya ba ka damar zaɓar duk sigar da FSF ta taɓa fitarwa.

Kada a ɗauka rukunin farko ya tsira kyauta. Tarko biyu ne a gabansa. Na farko, mafitar tana aiki ne in dukkan abin da ke cikin ginannen fayil ɗin zai iya hawa GPL3. Aiki mai fayil ɗari uku, ɗari biyu da casa'in da tara suna cewa ko siga ta gaba, ɗaya da aka kwaso daga wani wuri shekaru goma baya yana cewa siga ta 2 kaɗai, to wannan ɗayan ya ɗaure sauran. Haka in manhajar tana ɗaure da wani laburare na daban mai GPL2 kaɗai: libcups tana jan ta zuwa siga ta 3, wancan yana riƙe ta a ta 2, babu sigar da za ta gamsar da su biyun. Na biyu ya shafi masu ƙera na'urori. Sashe na 6 na GPL3 ya ce in ka sayar wa jama'a na'ura mai manhajar a ciki, sai ka ba su bayanin da za su iya ɗora sigar da suka gyara a kan na'urar, har da makullan sa hannu in ana buƙatarsu. Kamfanin da ke kulle manhajar cikin firintarsa ko akwatin raba intanet mai mashigar firinta, wanda ya yi shekaru yana kauce wa GPL3 saboda wannan sashe, zai iya samun kansa a ciki ta bayan gida, don kawai ya sabunta libcups.

Abin da ya fi ba ni tsoro a irin wannan sauyi shi ne na'ura ba ta ganinsa. Fayil ɗin laburaren sunansa libcups.so.2 a siga ta 2.2, sunansa libcups.so.2 a ta 2.3. Lambar ƙarshen tana sauyawa ne in an karya yadda manhajoji ke kiran laburaren, lasisi kuwa ba ya cikin lissafinta. Mai sarrafa fakiti zai cire tsohon ya sa sabo, komai ya ci gaba da aiki, gwaje-gwaje duka su wuce, takarda ta fito daga firinta tsaf. Ba kuskuren da zai bayyana a allo. Sai mutum ya zauna ya karanta kafin a san akwai matsala, kuma yawanci ba a ɗora wa kowa wannan aikin ba.

Hujjojin da ake kawowa don kauce wa matsalar

Ta farko ita ce ɗaurin lokacin gudu ba haɗi ba ne. Masu wannan ra'ayi suna cewa manhajar da ke kiran laburare daga wani fayil dabam ba ta kwafi komai daga cikinsa ba, don haka ba a samo ta daga gare shi ba. FSF ta ce ko an cusa laburaren ciki ko an ɗaura shi lokacin gudu, da zarar suna zaune a ƙwaƙwalwa ɗaya suna kiran juna suna musayar tsarin bayanai, manhaja ɗaya ce. Lauyoyi sun daɗe suna jayayya a kan wannan. Masu rarraba Linux ba sa gina manufarsu a kan fatan cin shari'a, suna bin fassarar da ta fi tsauri, kuma ina ganin daidai suka yi, domin sashe na 4 na GPL2 ya ce wanda ya saɓa, haƙƙinsa ya faɗi nan take, ba wa'adin gyara. GPL3 ne ya zo da wa'adin kwana 30 ga mai laifin farko da ya gyara bayan an sanar da shi. A 2017 Red Hat da Google da IBM da Facebook sun yi alkawarin ba da irin wannan wa'adi ga lambarsu ta GPL2, amma alkawarin bai hau kan wanda bai sa hannu ba.

Kusa da wannan akwai dabarar dlopen, inda manhaja ba ta rubuta sunan laburaren a jikinta ba, sai ta buɗe shi lokacin da ta buƙace shi. OpenJDK, manhajar Java, wadda take GPL2 kaɗai tare da togaciyar Classpath, haka take samun libcups, kodayake tana buƙatar fayilolin kanun CUPS, masu bayyana yadda ake kiran laburaren, lokacin gini. Wannan yana sa laburaren ya zama na zaɓi, amma bai sauya gaskiyar cewa in an buɗe shi yana zama cikin manhajar ba. Wanda ya yarda da fassarar FSF ba zai ga dlopen a matsayin wanki ba.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi, wato togaciyar laburaren tsarin aiki. Ƙarshen sashe na 3 na GPL2 ya ce lambar tushen da za ka bayar ba sai ta haɗa da abin da aka saba rarrabawa tare da manyan sassan tsarin aiki ba, irin su ƙwayar tsarin (kernel) da manhajar gini (compiler). An rubuta wannan ne don manhajojin GNU su iya gudu a kan tsarukan Unix rufaffu na wancan zamani. Ana iya cewa libcups ma sashen tsarin aiki ce, kuma ga wanda ke rarraba manhajarsa ita kaɗai don macOS, inda CUPS ta zo da tsarin, hujjar tana da ƙafa. Sai dai jimlar tana da wutsiya: togaciyar ba ta aiki in shi wannan sashen yana tafiya tare da manhajar. Mai rarraba Linux kuwa daga ma'ajiya ɗaya yake ba da laburaren da manhajar, sau da yawa a faifai ɗaya. A kan wannan wutsiya Debian da Fedora suka rabu shekaru da dama game da tsohon lasisin OpenSSL: Fedora ta ɗauke ta laburaren tsari, Debian ta daɗe tana neman kowace manhajar GPL ta rubuta togaciya ta musamman ko a gina ta da GnuTLS. Ga wanda ya haɗa libcups cikin hoton kwantena ko cikin fakitin manhajarsa, zancen ya ƙare, domin da hannunsa ya sa su tafiya tare.

Akwai iyaka ɗaya da kusan kowa ya yarda da ita. Manhajoji biyu da ke gudu daban, suna magana ta bututu ko soket ko layin umarni, ba su zama ɗaya ba. Shi ya sa cupsd ke iya kiran filta mai kowane irin lasisi: tana tayar da shi a matsayin manhaja dabam, ta miƙa masa lambar aiki, sunan mai aiki, take, yawan kwafi da zaɓuɓɓuka a layin umarni, ya karanta daga wannan bututu ya zuba a wancan. Amma a lura, filtar da kansa yakan ɗaure da libcups ko libcupsimage don karanta zaɓuɓɓuka da fayilolin PPD masu bayanin firinta da hoton shafi. Direban GPL2 kaɗai bai damu da lasisin cupsd ba, amma ya damu da na laburaren da ke jikinsa.

Togaciyar da aka ƙara

Siga ta 2.3.0 ba ta fito ba sai Agustan 2019, kusan shekara biyu bayan sanarwar, kuma ta fito da togaciya a fayil ɗin NOTICE, wadda aka gina a kan wadda aikin LLVM ya yi amfani da ita lokacin da shi ma ya koma Apache 2.0. Sakin layi biyu ce. Na farko ya ce in gina lambarka ya sa wasu gutsattsarin CUPS suka shiga cikin ginannen fayil ɗinka, kamar abin da ke zuwa daga fayilolin kanu, kana iya rarraba su ba tare da bin sashe na 4(a) da 4(b) da 4(d) ba, wato ba sai ka haɗa da kwafin lasisi da sanarwar gyara da NOTICE saboda su ba. Na biyu shi ne maganin ciwon: in ka haɗa ko ka ɗaura ginanniyar CUPS da manhajar GPL2 ko LGPL2, kuma kotu mai hurumi ta yanke cewa sashe na 3 ko na 9 ko wani sashe ya ci karo da wancan lasisin, kana da zaɓin ɗaukar sashen a matsayin wanda aka yafe, ga abin da ya wuce da abin da ke tafe.

A karanta sharuɗɗan da kyau, don kowane yana da aiki. Yafewar ta shafi haɗaɗɗiyar manhajar ce kawai, ba CUPS a ko'ina ba. Ana cire sashe ne gaba ɗayansa, ba a tsinke rabi a bar rabi. Wannan na nufin wanda ya yar da sashe na 3 don ya huta da barazanar faɗuwar izini, ya yar da izinin haƙƙin ƙirƙirar da sashen ya ba shi tare. Kuma togaciyar tana magana ne a kan ginannen laburare. Ba ta ba kowa damar ya kwafi lambar tushen CUPS ya manna a cikin aikin GPL2 kaɗai ba. Wannan bambancin ana yawan tsallake shi: ɗaura manhajarka da libcups ya halatta, ɗebo aikin ippRead daga cikinta ka zuba a fayil ɗinka wani zance ne dabam.

Akwai masu ganin rubutun ya yi zagaye, tunda ya jingina komai a kan hukuncin kotun da wataƙila ba za a taɓa yi ba. Ina ganin suna da gaskiya a kan salon, togaciya mai cewa kai tsaye an yarda a ɗaura da GPL2 da ta fi sauƙin fahimta. Amma ta yi aikin da aka sa ta: ta cire haɗarin daga kan mai rarrabawa, manyan tsarukan Linux kuma suka karɓi sabuwar sigar. Da Michael Sweet ya bar Apple a ƙarshen 2019, ci gaban CUPS na Linux ya koma hannun OpenPrinting, wadda ta fitar da 2.4.0 a Nuwamban 2021 da lasisin Apache da togaciyar tare. Abin da na fi riƙewa laifi shi ne jerin abubuwan. Togaciyar ya kamata ta zo rana ɗaya da sanarwar, domin wanda ya shimfiɗa laburare a LGPL shekaru kusan ashirin ya gayyaci kowa ya hau, ya san masu GPL2 kaɗai suna cikin waɗanda suka hau.

Yadda ake binciken, in kai ne mai rarrabawa

A fara da gano wa ke ɗaure da laburaren. A Debian umarnin apt-cache rdepends libcups2 (libcups2t64 a sababbin sigogi) zai ba da jeri, a Fedora kuma dnf repoquery --whatrequires cups-libs. Wannan jerin farko ne kawai. A kan kowane ginannen fayil, readelf -d zai nuna layukan NEEDED, wato abin da fayil ɗin ya nema da bakinsa, ldd kuwa yana nuna har da abin da laburarorinsa suka jawo. Bambancin yana da muhimmanci, domin manhajar da ba ta taɓa ambaton CUPS ba tana iya samun libcups a ƙwaƙwalwarta ta hannun wani. Masu dlopen ba za su fito a ko ɗaya ba, sai an nemi kalmar libcups a lambar tushe da grep, ko a ginannen fayil da strings. Waɗanda suka cusa laburaren ciki ko suka ajiye kwafinsa a wani babban fayil na aikinsu su ma ba za su fito ba, sai an duba bayanan gini.

Daga nan sai lasisin kowane ɗaya, kuma a nan ake yawan yin sakaci. Fayil ɗin COPYING ba ya amsa tambayar, domin rubutun GPL2 iri ɗaya ne ko aikin na siga ta 2 kaɗai ne ko har da na gaba. Amsar tana saman kowane fayil na lamba, ko a README. Kayan aiki irin su licensecheck da ScanCode da FOSSology suna zaƙulo waɗannan, amma fayilolin da suka ce ba su gane ba sai an buɗe da hannu, kuma a cikinsu matsalar ta fi ɓuya. Filin lasisi na fakitin ma ba abin dogaro ba ne, wani ne ya cike shi shekarun baya, wataƙila kafin a shigo da sabbin fayiloli.

In aka sami manhajar GPL2 kaɗai kuma laburaren ba shi da togaciya, hanyoyin ba su da yawa. Mafi tsabta ita ce a roƙi mai laburaren ya ƙara togaciya, tunda gyara ɗaya a can ya warkar da kowa. In bai yiwu ba, masu manhajar su ƙara tasu togaciyar ko su koma ko siga ta gaba, amma wannan yana buƙatar yardar duk mai haƙƙi a lambar, ba mai kula da aikin na yanzu kaɗai ba. Ana iya raba su a aikace: manhajar ta daina ɗaurawa, ta rubuta PDF ta miƙa wa umarnin lp, ta karanta jerin firintoci daga lpstat, ko ta yi magana da cupsd ta IPP da lambarta. Wannan yana aiki, farashinsa shi ne sai ka fassara rubutun da umarni ya fitar, wanda ke iya sauyawa da harshen na'ura in ba a tsayar da LC_ALL=C ba, kuma bayanin kuskure ba ya zuwa dalla-dalla kamar na laburare. Ko kuma a kashe bugawa lokacin gini, a bar mai amfani ya fitar da PDF ya buga da wata manhaja.

Hanya ta ƙarshe ita ce tsayawa a tsohuwar siga, kuma tana da jan hankali domin sauyin lasisi ba ya komawa baya. Jerin 2.2 yana nan a GPL2 da LGPL2 har abada, kowa na iya ci gaba da shi. Wahalar tana zuwa ne ranar da aka gano ramin tsaro. Gyaran da aka rubuta wa sabuwar siga lambar Apache ce, ba za ka ɗauke shi ka manna a tsohon reshe ka ci gaba da kiransa LGPL2 zalla ba, sai in mai haƙƙin ya fitar da shi a tsohon reshen da kansa, ko ya ba da izini a rubuce. In ba haka ba sai wani ya karanta bayanin ramin ya rubuta nasa gyaran. Ga laburaren da aikinsa shi ne fassara saƙonnin da ke zuwa daga hanyar sadarwa, wannan nauyi ne da ƙaramin aiki ba zai iya ɗauka shekara da shekaru ba.

Kada kuma a zaci sauyin daga sama kawai yake zuwa. Lokacin da CUPS take GPL2 kaɗai, ita ma ta taɓa zama a wancan gefen: tana ɗaure da GnuTLS don ɓoye sadarwa, GnuTLS tana dogaro da Nettle, Nettle tana dogaro da GMP, GMP kuma tana LGPL3, wanda bai dace da GPL2 kaɗai ba. Hawa uku a ƙasa matsalar take, ta warware ne da GMP 6.0.0 ta fito a 2014 da lasisi biyu, LGPL3 ko GPL2. Ghostscript, wadda yawancin filtoci ke dogaro da ita wajen juya PostScript da PDF, ta koma AGPL3 da siga ta 9.07 a 2013. Filtar da ke kiran umarnin gs a matsayin manhaja dabam bai ji komai ba, wanda ya ɗaure da libgs kuwa dole ya sake lissafi. Saboda haka binciken readelf da ldd ba na rana ɗaya ba ne. A ajiye jerin lasisin duk abin da ke shiga ƙwaƙwalwar manhajar, a sa tsarin gini ya tsaya in fayil ɗin LICENSE ko COPYING ko NOTICE na wani laburare ya sauya tsakanin siga da siga. A cikin tsarukan gina Linux na na'urori, Yocto tana yin haka da LIC_FILES_CHKSUM, Buildroot ma tana ajiye sa hannun lissafi na fayilolin lasisi: da zarar rubutun ya sauya ginin zai ƙi wucewa, sai mutum ya karanta sabon rubutun ya sabunta lambar da hannunsa.